Daga Hannun Wa Ka Karɓo Manhajar Nan?

Ana saura kwana uku a fara duban watan azumi, wani ƙanena da ke kula da na'urorin masallacin unguwarmu a cikin birni ya yi mini sallama bayan isha'i, da kwamfutar tafi-da-gidanka a hammatarsa. Shi ne mai haɗa kyamara da lasifika idan an zauna tafsiri, ya watsa karatun kai tsaye a Facebook domin matan da ke cikin gida da 'yan unguwa da neman abinci ya kai Legas ko Makka. Kwamfutar ta hannu ce, wani bawan Allah ya bai wa masallaci, kuma Windows 7 ce a kanta. Ta yi ta ba da matsala har aka kai ta wajen mai gyara ya yi mata fomatin, komai ya tafi, har da OBS Studio, manhajar da yake watsa karatun da ita. Ya shiga shafin masu manhajar ya sauke sabuwa, ta ƙi hawa.

"Yaya, sabuwar ba ta karɓar kwamfutar nan," in ji shi. "Na nemi tsohuwar, sai ga shafuka sun fi goma. Wanne zan shiga?"

Wanda ya riga ya buɗe yana ɗauke da tambarin OBS a sama, da hoton manhajar, da jerin lambobin tsofaffin zubi, sannan ga manyan maɓallai kore har uku, kowanne an rubuta masa "Download". Na duba adireshin shafin, na ga ba shi da wata alaƙa da mutanen da suka rubuta manhajar. Da ban kasance a gida ba, da ya danna ɗaya daga ciki, kuma ba zan ga laifinsa ba, domin buƙatarsa ta gaskiya ce. Tun shekarar 2022, da aka fitar da zubi na 28, masu OBS suka daina kula da Windows 7 da 8. Zubi na ƙarshe da zai hau kwamfutar masallacinmu shi ne 27.2.4. Yana nan a ajiye lafiya lau, kyauta, a rumbun masu shi da ke GitHub. Sai dai hanyar rumbun lungu ce, ba mai nuna maka ita, a bakin titi kuwa 'yan damfara sun kafa rumfuna da alluna masu ɗaukar ido.

Kowace manhaja rubutu ce tun farko, jerin umarni ne da mutane suka zauna suka tsara wa na'ura. Kamfanoni irin su Microsoft da Adobe suna kulle nasu rubutun a akwati, su sayar maka da izinin amfani kawai. Akwai kuma waɗanda suka zaɓi su baje nasu a faifai, kowa ya karanta, ya gyara, ya kwafa, ya ba wani. Irin wannan ake kira manhaja mai buɗaɗɗen tushe. Tafiyar ta ɗauki saiti a Amurka a 1983, lokacin da Richard Stallman ya shelanta aikin GNU, sannan a 1989 ya fitar da lasisin GPL, wanda ya yarje wa kowa ya kwafa ya raba, har ma ya sayar, muddin bai rufe wa na bayansa ƙofar da aka buɗe masa ba. Mu a Kano mun daɗe muna cin moriyar wannan tafiya ko da ba mu san sunanta ba. Da wuya ka buɗe kwamfuta a garin nan ba ka ga tambarin VLC ba, robar nan mai tsini ruwan lemo irin wadda ake jerawa a titi. Ɗaliban makarantar École Centrale ta Faransa ne suka faro aikin a 1996, aka sake shi ga duniya a 2001. Da Audacity ake yanka wa'azi da tallan rediyo. Da 7-Zip, wadda Igor Pavlov na Rasha ya fitar a 1999, ake kwance fayilolin da aka dunƙule. Ga Firefox, ga LibreOffice, ga GIMP ta gyaran hoto.

Abin da ke kai Bakano neman tsohon zubi a bayyane yake. Da yawa daga kwamfutocin da ke shagunan buga takardu na bakin ƙofofin gari, da makarantun Islamiyya, da ɗakunan ɗalibai, sun gama aikinsu ne a ofisoshin Turai da Amurka kafin a loda su a kwantena zuwa Legas, su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, su sauka a titin Beirut ko Farm Centre. Microsoft ya janye hannu daga Windows XP a Afrilun 2014, daga Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuwa sai kwamfutar da ke da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da inji na baya-bayan nan. Mutumin can, idan aka ce masa kwamfutarsa ta tsufa, sai ya sayi wata. A nan, tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. Mai shagon da ke fitar da kuɗin cefane daga buga takarda da hoton fasfo ba zai jingine na'urar da ke kunnuwa ba don wani kamfani a Amurka ya sa mata ranar ritaya.

Su kuma masu manhajojin suna bin sawun Microsoft sannu a hankali. Firefox 115, na Yulin 2023, shi ne na ƙarshe da ke hawa Windows 7. GIMP 3.0, da ya fito a Maris 2025, sai Windows 10 zuwa sama. LibreOffice ta yi sallama da Windows 7 da 8 a zubi na 25.8 cikin Agustan 2025. Ba mugunta ce ta sa su ba. Yawancinsu 'yan sa-kai ne ko ƙungiyoyi masu ƙaramin ƙarfi, ba za su iya goya kowace tsohuwar na'ura har abada ba. Wani lokacin kuma sabo ne ke hana mutum sakin tsohon zubi, ko rashin yarda da sabon mai gida: da kamfanin Muse Group ya karɓi ragamar Audacity a 2021, aka yi ta ka-ce-na-ce kan batun tattara bayanan masu amfani da ita, mutane da yawa suka koma neman zubin da ya gabaci cinikin.

Ga inda gizo ke saƙar. Masu manhajar gaskiya kusan duk suna ajiye tsofaffin zubinsu. Na VLC suna download.videolan.org, na Firefox suna archive.mozilla.org, na LibreOffice suna downloadarchive.documentfoundation.org, na GIMP suna download.gimp.org. In ka shiga ɗaya daga cikinsu, abin da za ka tarar farin shafi ne fayau, da jerin lambobi da sunayen fayiloli da Turanci, babu hoto, babu kwalliya, babu koren maɓalli. A idon wanda bai saba ba, shafin gaskiyar shi ya fi kama da na bogi. Kuma da yawansu ba sa sa hanyar rumbun a inda ido zai fara sauka, da gangan, don ba sa son jama'a su riƙa ɗora zubin da aka daina toshe wa ɓaraka. Na fahimci dalilinsu, amma ban yarda dabarar ta biya ba. Wanda aka ɓoye wa ƙofa ba ya fasa shiga gari, sai dai ya nemi inda badala ta zube, kuma a nan ake tare shi.

Cutar ta daɗe, kuma daga manyan dillalai masu suna ta fara. A Disambar 2011 Gordon Lyon, marubucin manhajar Nmap, ya fito ya yi ƙorafi cewa shafin Download.com na kamfanin CNET yana naɗe manhajarsa cikin wani fayil nasu da ke cusa wa mutane ƙarin kaya a burauza, ya canza musu shafin bincike. Na SourceForge ya fi ciwo. An kafa shi a 1999, ya zama babban zauren da dubban masu buɗaɗɗiyar manhaja ke ajiye kayansu, har ya kai in ka ga sunansa hankalinka ya kwanta. A Yulin 2013 ya ɓullo da wani shiri mai suna DevShare: a haɗa manhaja da wasu kayan talla da ba ka nema ba, a raba kuɗin da mai ita idan ya yarda. Masu GIMP suka kwashe kayansu a Nuwamban shekarar, suka kuma faɗi dalili ƙarara, wato wannan haɗin, da tallace-tallacen da ke shigar burtu da kamannin maɓallin saukewa. A Mayun 2015 SourceForge ya karɓe tsohon shagon GIMP na Windows da ke wurinsa, da hujjar wai an yi watsi da shi, ya ci gaba da raba manhajar a naɗe da kayan talla. Aka yi masa ca. Sai da kamfanin BIZX ya saye shi a farkon 2016 aka soke shirin. Amma 'yan damfara sun riga sun ga abin da suka gani: tsohon wuri da tsohon suna suna ci gaba da jan jama'a ko bayan mai su ya tashi.

A Fabrairun 2016 Google ya sanar cewa zai fara gargaɗin mutane kan shafukan da ke da maɓallan saukewa na ƙarya. Abin ya ragu, bai ƙare ba, kuma bayan 'yan shekaru cutar ta ɓulla a tsakar gidan Google ɗin kansa. Layukan farko da kake gani idan ka yi bincike sau da yawa talla ce. Masu talla ke yin tayi a kan kalmomin da mutane ke rubutawa, wanda tayinsa ya ci a ɗora shi a sama, ya biya duk lokacin da wani ya danna. A ƙarshen Oktoban 2022 aka kama wata talla da ke nuna adireshin gimp.org, adireshin gaskiya, amma in ka danna sai ta kai ka gilimp.org, shafin da aka kwaikwayi na asali kamar an tsaga kara. Fayil ɗin da ke wurin ɓarawon bayanai ne, an cika shi da shara har ya kai wajen megabait 700 don ya yi kama da babbar manhaja, ya kuma wuce girman da wasu na'urorin bincike ke dubawa. Ranar 21 ga Disambar 2022 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan irin waɗannan tallace-tallace, har ta ba jama'a shawarar su sa manhajar toshe talla a burauzarsu. A watannin nan aka ga tallan bogi da sunan OBS, da VLC, da 7-Zip, da Audacity, da LibreOffice. A Janairun 2023 wani sananne a harkar kirifto ya bayyana wa duniya cewa an kwashe masa dukiyarsa an ƙwace shafukansa, sanadin OBS ɗin da ya sauke daga talla.

Google yana cewa yana yaƙi da abin, kuma a rahotonsa na 2023 ya ce ya toshe ko ya cire talla biliyan 5.5. Ban musa ba. Amma ɗan Kano ya san dillanci tun kafin a haifi intanet. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma abin da ya riƙe ta shi ne baƙo ya sauka wajen fatomansa, dillali ya haɗa shi da mai kaya, la'ada sananniya ce, in an yi ha'inci an san ƙeyar da za a riƙe. Dillalin da ke cikin kwamfuta ya karɓi la'adarsa daga hannun mai kaya tun lokacin da ka danna, ko kayan na ƙwarai ne ko jabu, kuma in an cuce ka ba zauren da za ka je ka same shi.

Akwai wani lamari da ya fi tsaya mini a rai saboda ya taɓa haruffa. A Oktoban 2023 kamfanin tsaro na Malwarebytes ya bankaɗo tallar bogi ta KeePass, manhajar da ake ajiye kalmomin sirri a ciki. Adireshin gaskiya keepass.info ne. Na bogin ķeepass.info ne, da wani harafi na rubutun Latbiya mai 'yar ƙaramar wutsiya a ƙasa, wanda za ka ɗauka ƙura ce ta maƙale a gilashi. Mu Hausawa wannan tarko ya fi kowa dacewa da ƙafarmu. Shekara da shekaru muna rubuta ƙasa da kasa, ɗaki da daki, ɓata da bata iri ɗaya a waya, har idonmu ya koyi tsallake ƙugiyar harafi ya cafko ma'ana daga jimla. Wannan baiwa ce wajen karanta saƙon ɗan'uwa. Wajen karanta adireshin shafi kuwa, inda harafi ɗaya ke raba gidan mai kaya da gidan ɓarawo, ita ce ke kai mutum ta baro.

Sannan sunan manhaja ba kullum ne sunan gidanta ba. VLC tana videolan.org, Audacity tana audacityteam.org, OBS tana obsproject.com, 7-Zip tana 7-zip.org da ɗan layi a tsakiya. Duk wanda ya riga masu ita yin rajistar adireshi mai kama da sunanta ya samu rumfa a bakin hanya. A Afrilun 2024 sai da Don Ho, marubucin Notepad++, ya roƙi masu amfani da manhajarsa su taya shi kai ƙarar wani shafi, notepad.plus, da ke fitowa a bincike cike da talla alhali ba nasa ba ne. Kuma korar irin waɗannan shafuka tana da wuya, tunda lasisin da kansa ya halatta wa kowa rabawa. Abin da ya rage wa mai manhaja shi ne ya kare sunansa da tambarinsa a shari'a, wannan kuwa aikin lauyoyi ne da kuɗi, abin da ɗan sa-kai ba shi da shi.

Yadda wannan bala'i ke sauka a Kano daban ne da yadda yake sauka a Landan. Can mutum ɗaya ya sauke wa kansa, in ya kwaso cuta kansa ya kwaso wa. A nan data tana da tsada, ta ƙara tsada bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ga sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Saboda haka sau ɗaya ake saukewa. Fayil ɗin ya shiga filashin mai gyara, ya zauna tare da 'yan'uwansa, kuma duk kwamfutar da aka yi wa fomatin a shagon daga wannan filashi za a shayar da ita. Yaron shago in ya samu 'yanci ya kwafi taskar ubangidansa ya tafi da ita nasa shagon. Garin da ya ga yadda kaset ɗin fim ke fita daga Ƙofar Wambai ya karaɗe Arewa har Nijar, ya kuma ga yadda masu tura fina-finai a waya suka gaji wannan kasuwa, ya san saurin kwafi daga hannu zuwa hannu. Dannawa ɗaya da aka yi bisa kuskure shekara uku da suka wuce tana iya kasancewa tana yawo a kwamfutoci masu yawa yau, ba wanda ya tuna daga inda ta fito.

Akwai kuma wata ɗabi'a da fasassun manhajoji suka koya mana. Wanda ya saba ɗora CorelDRAW ko Photoshop da aka fasa wa kulle ya saba da kashe antibairos kafin ya fara, domin kullum sai ta yi ƙara. A hankali gargaɗin ya zama kamar kukan akuyar maƙwabta, ana ji ba a waiwayawa. Ranar da ta yi ƙara a kan VLC ta bogi, hannu ya riga ya saba da inda ake danna a yi shiru da ita. Alhali manhajar buɗaɗɗen tushe ta gaskiya ba ta da kullen da za a fasa, ba ta neman ka kashe komai. Duk shafin da ya ce ka kashe antibairos, ko ya ba ka fayil a dunƙule da kalmar sirri, ko ya nemi lambar wayarka kafin ka sauke VLC, ya gama gaya maka ko shi wane ne.

Abin da ake sacewa kuma ba na mai shago kaɗai ba ne. Irin waɗannan ɓarayin bayanai suna kwashe kalmomin sirrin da aka bari a burauza, da shaidar shiga shafukan da ba a fita ba, da jakar kirifto, cikin ɗan lokaci, su aika wa mai su, kwamfuta kuma ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Sau da yawa ma har manhajar da ka nema za su ɗora maka don kada ka yi zargi. Yanzu ka tuna abin da ke cikin kwamfutar shagon buga takardu ɗaya: hotunan katin NIN, sakamakon WAEC da NECO, bayanan masu rajistar JAMB, takardun filaye, imel ɗin mutanen da suka shiga suka manta ba su fita ba. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, amma tun kafin doka, sunan wannan a wurinmu amana. Haka kwamfutar masallaci: in aka ƙwace shafin da jama'a suka yarda da shi, da sunan malam za a nemi taimakon kuɗi a wajen bayin Allah.

Maganin da na fi gamsuwa da shi ba baƙo ba ne a cikin birni. Garin da ke da unguwar Madabo, garin da ya karɓi baƙuncin Shehu Magili a zamanin Rumfa, bai taɓa karɓar ilimi daga bakin da ba a san shi ba. Malamai sukan tambayi ɗalibi a wajen wa ya karanta littafi, shi kuma malamin nasa a wajen wa. Alaramma in ya rubuta Alƙur'ani da ka, sai an ba wasu mahaddata sun bi shi harafi da harafi, wasali da wasali, kafin a ce ya yi. Manhaja ma tana da isnadinta, tana da hanyar gwada kwafi da asali. Ta farko ita ce sa hannun mai ita. In ka danna fayil ɗin da ɓangaren dama na linzami ka shiga bayanansa, akwai wurin da ke nuna wanda ya sa masa hannu: na VLC zai nuna VideoLAN, na Firefox zai nuna Mozilla, na LibreOffice zai nuna The Document Foundation. In ka ga sunan wani kamfani da ba ka taɓa ji ba, ka tsaya. Ba kowace manhajar gaskiya ce ke da wannan sa hannu ba, shi ya sa ake da ta biyu, wato lambar tantancewa ta SHA-256. Lissafi ne da ake yi a kan fayil gaba ɗayansa, ya fitar da jerin haruffa da lambobi 64, in an taɓa ko ɗigo ɗaya a ciki sai jerin ya canza. Masu manhaja da yawa suna wallafa nasu jerin a gefen fayil. Windows tana da umarnin certutil da ke fitar maka da na fayil ɗin da ke hannunka, ko babu intanet, ka jera su ka gani. Aikin minti biyu ne. Ba na tsammanin kowane mai kwamfuta zai yi shi, amma mai gyaran da filashinsa ke shayar da unguwa guda, wannan yana cikin haƙƙin sana'arsa, kamar yadda duba ma'auni yake kan mai awo.

Ko gidan gaskiya ɓarawo kan haura. Ranar 20 ga Fabrairun 2016 aka kutsa shafin manhajar Linux Mint aka karkatar da mahaɗin saukewa zuwa gurɓataccen kwafi. Bambancin shi ne masu shi sun gano da wuri, sun fito sun faɗa da bakinsu, sun gaya wa jama'a yadda za su gane ko abin ya shafe su. Shafin bogi ba zai taɓa yi maka wannan ba.

Saura wata gaskiya da bai kamata a rufe ba don ana tausayin mai tsohuwar kwamfuta. Tsohon zubi, ko daga rumbun masu shi ka ɗauko, yana ɗauke da ɓarakar da aka toshe a na bayansa. A Nuwamban 2024 aka gyara wata ɓaraka a 7-Zip cikin zubi na 24.09, daga baya kamfanin Trend Micro ya bayyana cewa an riga an yi amfani da ita wajen kai wa hukumomin Yukiren hari. 7-Zip ba ta sabunta kanta, don haka wanda ke da tsohuwa yana nan da ɓarakarsa har yau. To sai a rarrabe. Kafin ka nemi tsohon zubi, ka fara gwada sabon, domin sau da yawa zato ne kawai: jerin VLC 3.0, da aka faro a Fabrairun 2018, yana hawa har kan Windows XP, sabuwar 7-Zip ma ba ta ƙyamar tsohuwar kwamfuta. Manhajar da ke aikinta a cikin gida, kamar Audacity da kake yanka muryar da kai ka ɗauka, haɗarin tsufanta kaɗan ne. Wadda ke buɗe abin da baƙi suka aiko, burauza ko mai kwance fayil ko mai karanta takardu, ita ce tsufanta ke da haɗari sosai. A nan Mozilla ta yi abin a yaba: ta mayar da masu Windows 7 kan zubin 115 mai dogon wa'adi da kanta, ta ci gaba da aika musu gyaran tsaro, ta kuma ƙara wa'adin fiye da sau ɗaya saboda yawan waɗanda ke kansa.

Irin wannan nake so in gani daga sauran. Layi ɗaya a shafin farko, mai cewa in kwamfutarka Windows 7 ce ga zubinka na ƙarshe, ga kuma haɗarin da ke tattare da shi, zai rufe rumfunan 'yan damfara da yawa fiye da dogon gargaɗi. A gida kuma ba sai an jira gwamnati ba. Jami'ar Bayero tana da masana kwamfuta, cibiyar CITAD tana nan a Kano ta daɗe tana wayar da kai kan fasahar sadarwa, kasuwannin waya da kwamfuta suna da ƙungiyoyi da shugabanni. Manhajojin da ake nema a garin nan ba su da yawa. Ana iya tara su wuri ɗaya, a tantance kowacce, a rubuta bayaninta da Hausa, wacce ke hawa wace kwamfuta, mai gyara ya zo da filashinsa ya kwafa. Lasisinsu ya halatta haka, don haka ma aka rubuta shi. Wasu za su ce a bar Windows a koma Linux, inda manhajoji ke zuwa daga rumbu ɗaya mai sa hannu, kuma ga kwamfutar ɗalibi ko ta ofishin makaranta shawara ce mai kyau. Mai shagon da abincinsa ke kan CorelDRAW da wata tsohuwar firinta ba zai ji wannan kira da wuri ba, kuma shi ma yana da haƙƙin a nuna masa hanya.

A daren nan mun bi ta obsproject.com muka gangara zuwa rumbunsu na GitHub, muka yi ta komawa baya shafi bayan shafi har muka iso 27.2.4. Muka duba sa hannun fayil ɗin, muka ɗora, ta hau. Na sa shi ya kwafe shi a wani filashi na daban, ya naɗe shi da takarda, ya rubuta sunan manhajar da lambar zubin da adireshin da muka ɗauko da kwanan wata, ya ajiye a akwatin na'urorin masallaci. Muka yi shawara kada a buɗe imel ko asusun banki a kwamfutar, kada kuma a bar kalmar sirrin shafin masallaci a cikin burauzarta.

Da zai tafi ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Yaya, to in Firefox ɗin ma suka daina fa?"

Na ce masa za su daina, ko ba jima ko ba daɗe, kuma gara kwamitin masallaci ya ji wannan magana tun yanzu. Ya ce zai faɗa wa Liman bayan asuba, a sa batun sayen wata kwamfutar cikin abin da za a tattauna bayan salla.